Ƙirgin Malam Jibrin

Bana Babbar Sallah ta sake faɗowa a bakin damina. Wata ya gama zagayensa ke nan, shekara talatin da 'yan kai, ya dawo ya same mu inda ya taɓa samunmu: ƙasa ta ƙone, hadari yana haɗuwa da la'asar yana watsewa, kowa idonsa a gabas. Ban ma lura da haka ba sai washegarin layya, da Asabe matata ta dire min tuwo, na buɗe kwanon miya na ga ganda. Babban ɗanmu ne ya shiga watandar sa, fatar ta faɗo a rabonsa, ya kawo min na shimfiɗa ta a bayan ɗaki, fatar kai kuma mata suka babbake suka dafa.

Ni ba na cin ganda. Kowa a gidan nan ya sani. Jikoki har tsokanata suke yi wai baduku ba ya cin kayan aikinsa, ni kuwa in bar su a haka, don amsar tasu ta fi tawa sauƙi. Na mai da murfi na ture kwanon gefe. Amma ƙaurin babbakar da ya rage a tsakar gida, da wannan zafi mai danƙo na bazara, sun riga sun mai da ni shekarar farko bayan an ba mu jiha.

Sunana Haruna, sai dai a ƙauyenmu, nan gefen Sundimina, in ba ka ce Baduku ba, ba wanda zai nuna maka gidana. Dukanci gadonsa na yi. Mu ba irin dukawan birni ba ne masu zanen jaka da alabe. Namu aikin na ƙauye ne: takalmin shiga gona, guga, kuben wuƙa, ragamar jaki, gyaran akumari, sai ƙiri, wato igiyar da ake murɗawa da fatar sa. Kuma ba yabon kai ba, a wancan lokacin in ka rufe min ido ka sa min yankin fata a hannu, zan faɗa maka ko ta baya ce ko ta ciki, ta sa ce ko ta saniya, har ma ko dabbar ta sha wahala a rayuwarta. Da wannan nake taƙama, kuma ku riƙe shi, don a nan aka kama ni.

Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke mana dawa tana fitar da kai. Gero ne kawai ya ɗan yi, shi ma ba na a zo a gani ba. Azumi ya zo cikin zafi, muka lallaɓa, amma ana gama Ƙaramar Sallah rumbuna suka fara amsa kuwwa. Jiha dai an ba mu, mun yi murna, har kiɗa aka sha a Birnin Kudu, sai dai ba a tuƙa tuwo da ita. Samari suka kwashe suka tafi Dutse ɗaukar bulo. Mu masu iyali muka zauna muna duban sama.

In yunwa ta shigo gari, baduku ne farkon wanda ake mantawa da shi. Takalmi ya tsinke, sai mutum ya ɗaure da waya ko ya taka ƙasa abinsa. Ga na roba ya cika kasuwa. Aikin da ya rage min a ƙauye shi ne ƙarin igiyar guga, don rijiya kullum ƙara nutsewa take, tun asuba mata suke layi, guga ya fito rabi ruwa rabi taɓo. Ranar kasuwa kuwa sai in saɓa jakata in taka zuwa Birnin Kudu, in zauna kusa da tasha ina ɗinke wa ma'aikatan da aka dawo da su daga Kano takalmansu ƙafa-ciki. Akwai wani malamin asibiti Kirista, mutumin kirki, da kullum dunduniyar takalminsa ɗaya take cinyewa, shi kaɗai ma ya riƙe ni kasuwa da yawa. Duwatsun garin nan in suka ɗauki rana, iskar da take fitowa daga jikinsu sai ka ji ta a haƙoranka. In dawo da yamma da ɗan garin rogo a ƙulle, wani lokacin in dawo da jakata kawai.

'Ya'yanmu uku a lokacin, na ukun yana goye. Da safe kunun dusa ne, tsararo, kana ganin ƙasan kwano. Da rana yara su dama garin ɗorawa su sha, bakinsu ya yi rawaya. Da yamma Asabe ta tafasa yaɗiya ta barbaɗa ɗan gari, mu kira shi fate-fate don a ji daɗin faɗa. Ita ce take ci ƙarshe, kuma na san abin da ake nufi da ƙarshe a irin wannan tukunya. Nono ya ja baya. Yaron ya kama kuka irin wanda ba ƙarfi a cikinsa, ya tsotsa ya saki, ya tsotsa ya saki. Wannan kukan ya fi yunwar cikina damuna.

Cikin haka ne jan san Malam Jibrin ya faɗi. Jibrin sa'ana ne, tare aka yi mana kaciya, ni Jibo nake ce masa. Manomi ne na gaske, shanun nomansa biyu, ja da fari, shekara bakwai yana bin bayansu. Rani ya cinye ciyawa, Jibo ya sai da sarƙar garmarsa ya sayi dusa, duk da haka wata safiya jan ya kwanta ya ƙi tashi. Aka yi maza aka yanka kafin ya zama mushe. Naman ba wani nama ba ne, aka rarraba, mu ma aka aiko mana. Rana ba ta yi tsaka ba sai ga Jibo da kansa da fatar a ka, ɗanya, jini yana ɗiga a kafaɗar rigarsa. Na ce wannan sauri haka, kamar ana korarka? Bai yi dariya ba.

Ya sauke ta a zaurena ya yi min bayani. Surukinsa na Maruta ya yi alkawarin ara masa sa ɗaya in ruwa ya sauka, a haɗa da farin, amma na mako guda kawai, don shi ma yana da tasa gonar. Sarƙa babu. Saboda haka ƙiri yake so in murɗa masa, dogo, mai kauri, wanda zai taso daga karkiya, itacen nan da ake ɗora wa shanu a wuya, ya riƙe garma. A cikin makon nan ɗaya zai yi huɗar gyaɗa da sauran dawarsa.

Ya ce, "Amana ce, Baduku. Noman bana gaba ɗaya yana cikin fatar nan."

Na ce masa ya je ya kwanta da kunnensa biyu. Har na ji haushin jaddadawar, ni da ubana da kakana ba a taɓa cewa mun taɓa kayan wani ba.

Na kafe ta da turaku a inuwa, na kankare, na zuba toka, ta bushe ta zama ƙirgi, na naɗe na rataye a azarar zaure. Yankan sai ya jira, don ƙirgi ba ya yankuwa sai an jiƙa shi kwana biyu, ga shi ruwan sha ma da kyar ake samu. Na bar shi sai ruwan farko ya cika kududdufi.

Bari in faɗi yadda ake yankan, don in ba a san shi ba, ba za a gane wautata ba. Fatar sa ba ɗaya ba ce. Ƙarfinta yana wuya da kafaɗu da gadon baya. Gefen ciki biyu da ƙafafu kuwa sirara ne, in suka jiƙe sai su yi ta miƙewa har su tsinke, shi ya sa kafin komai su ake fara zubarwa. Abin da ya rage sai a bi shi da wuƙa ana zagayawa, daga baki ana shiga ciki, a fitar da zare ɗaya dogo wanda ba haɗi a jikinsa, a ninka uku a murɗe. Duk abin da ya ragu a wuya ko kafaɗa, a tsawon igiyar zai fito.

Wata ranar kasuwa na dawo gab da magariba, tun daga bakin zaure hancina ya jiyo abin da ya daɗe bai ji ba. Yara suna zaune sun kewaye murhu, ba mai motsi. Bayan na idar da salla Asabe ta kawo min tuwon rogo da miyar kuka, ga ganda yanka-yanka a ciki, ta dahu luguf. Ta ce gwaggonta ta Kangire ce ta aiko. Ta faɗi haka idonta yana kan tukunya.

Wallahi na ci, kuma na ji daɗinta har cikin raina. Loma ta huɗu ko ta biyar sai haƙorina ya haɗu da wani yanki da ya ƙi taunuwa. Na juya shi da harshe. Mai kauri ne, da wani tauri a tsakiya wanda wuta ba ta ci ba. Kanta ce. Irin kantar da karkiya take yi wa san noma a gaban tozo, shekara da shekaru tana gugar wuri ɗaya. Saniyar mahauta ba ta da ita. A ƙasar nan kaf, sa ɗaya na sani da aka yanka mai wannan kanta, kuma da hannuna na shafa ta ranar da nake kankare fatarsa.

Na tsaya da tauna. Na dubi yaran nan biyu, sun sunkuya a kan akushi, miya har gwiwar hannu, babbar tana tsame yanki tana ba ƙaninta. Na dubi Asabe, tana ci, yau kam tana ci. Sai na haɗiye abin nan yadda yake, ya wuce yana ƙarce min maƙogwaro. Na ce Allah ya saka wa gwaggo da alheri. Ta ce amin.

Na sha juya wannan maraice a raina. Abin da ya kamata in ce gajere ne ƙwarai. Ko dai in ce kada ta ƙara, ko in ce in ya zama dole, ta yanki gefen ciki da ƙafafu, waɗanda ko da ma zubarwa za a yi, in je in faɗa wa Jibo da safe. Na farkon ban iya ba saboda yara. Na biyun kuma ban iya ba saboda kaina, don in na nuna mata wurin yanka, na zama baduku mai yanka kayan amana ke nan, da saninsa, da bakinsa. In kuwa na yi shiru, to ganda ce ta gwaggo, ni ban ga komai ba. Na zaɓi hannuna ya zauna da tsabta. Ita kuma 'yar manoma ce, ba ta san wuya da ciki ba, abin da ta sani kawai inda ya fi kauri ya fi auki a tukunya.

Kasuwa huɗu a jere gwaggo tana aike. Duk ranar da na tafi Birnin Kudu, in na dawo akwai ƙauri a tsakar gida, an share toka an zuba sabon rairayi. Na koyi shiga zaurena kaina a ƙasa. Ni da nake zaune a ƙarƙashin ƙirgin nan daga safe har yamma, ban ɗaga ido na dube shi ba ko sau ɗaya. Nono ya dawo, yaron ya daina wancan kukan, har ya fara dariya in an yi masa wasa. Na yi murna da haka, ba zan ɓoye ba, kuma na ci rabona kowane lokaci.

Babbar Sallah ta zo a bushe. Gidajen da suka yi layya a ƙauyen ba su kai yatsun hannu ba. A filin idi liman ya daɗe yana roƙon ruwa, dattawa suna share hawaye da bakin rawani, rana tana dukan ƙeyarmu. Kwana biyu bayan nan, da la'asar sakaliya, gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta fara zuwa da sanyi, kaji suka gudu, sai ɗigon farko manya-manya, kowanne ya faɗi ƙasa ta shanye shi nan take. Daga nan sama ta ɓalle. Ƙamshin ƙasar nan har yau in na rufe ido ina jinsa. Mata suka jera duk abin da yake riƙe ruwa a bakin indararo, yara suka tuɓe suka fita. Washegari gari ya watse, kowa yana gona, maza suna saran rami mata suna bi suna jefa iri suna takewa. Kowa yana farin ciki, ban da ni, don kududdufi ya cika, ba sauran uzurin jinkirta yanka.

Jibo ya biyo da yamma, ƙafafunsa duk taɓo, ya ce surukinsa zai kawo san nan da kwana shida. Na ce ba damuwa. Da ya tafi na taka turmi na sauko da ƙirgin. Tun a hannu na ji ya yi sauƙi. Na kai kududdufi na danne da duwatsu, bayan kwana biyu na jawo shi na shimfiɗa a kan ciyawa, sannan na ga abin da na ƙi gani. Wuya babu. Kafaɗar dama an ci ta har kusa da gadon baya, yankan wuƙar girki, a karkace. Gefen ciki kuwa duka biyun suna nan lafiya lau, ko ƙwarzane babu.

Na auna da taƙi, na sake aunawa, kamar aunawar za ta ƙara shi. Igiyar ba za ta kai ba. Na wanke hannu na nufi gidan Jibo da niyyar in faɗa masa. Na yi sallama, ya fito, muka gaisa, na tambayi lafiyar farin sa, na yaba shukarsa, na yi masa sai da safe. Na dawo ina zagin kaina a hanya, amma ban juya ba.

Abin da na yi, wanda ubana da ya gani da ya mare ni ko ina da gemu, shi ne na ƙi zubar da gefen ciki. Na bar wuƙa ta bi ta cikinsa, zaren ya fito da tsawonsa cif, sai dai wuri biyu a jikinsa sirara ne. Wajen murɗi na san yadda na yi suka faɗa ciki, masu kaurin suka rufe su. Na rataye a reshen tsamiya da dutse a ƙasa, ina murɗawa ina saki, ina shafa kitsen layyar da aka aiko mana daga gidan mai gari, har ya yi laushi yana sheƙi. A ido, ban taɓa yin ƙiri mai kyansa ba. Jibo ya ja shi da hannu biyu, ya ce hannun Baduku ba ya tsufa. Na ce sai godiya.

Al'adarmu ce ranar da aka fara aiki da sabon ƙiri baduku ya bi gona, don fata in ta ji danshi tana ɗan saki, sai an ƙara ɗaurewa. An yi ruwa mai ƙarfi a daren, ƙasa ta yi taushi. Surukin ya zo da nasa san, baƙi, ƙosasshe, yana ta jaddada cewa a bi masa shi a hankali. Aka haɗa su da farin, suka ɗan yi gardama tun da ba su saba da juna ba, sannan suka miƙe. Jibo yana riƙe da garma yana yi musu magana ƙasa-ƙasa, ƙasa tana tsagewa biyu tana kwanciya, balbelu suna bi a baya. Ni ina tsaye a gindin ɗorawa, idona bai bar wuri biyun nan ba. Hantsi ya yi, ba abin da ya faru. Har na fara cewa a raina ko Allah ya rufa min asiri.

Bayan azahar suka gangara ɓangaren da yake kusa da fadama, inda ƙasa take da laka. Na ga igiyar ta ƙara tsawo. Na ga ta sirance a daidai inda na sani. Na buɗe baki in ce a tsaya, ban kai ga faɗa ba ta tsinke, ƙararta kamar an karya kara. Shanun suna cikin ja da ƙarfinsu, nauyi ya ɓace musu, suka yi gaba a guje da karkiya a wuya. Farin ya ja hagu, baƙin ya zurma cikin kwazazzabon bakin gona ya kifa a kan ƙafarsa ta gaba. Da aka tashe shi, ƙafar ba ta taɓa ƙasa.

Surukin ya faɗi maganganu, kuma ban ga laifinsa ba. Ƙafar ba ta karye ba, targaɗe ne, amma san bai sake shiga gona ba sai da damina ta raba, shi ma mai shi ya yi asarar nasa noman. Jibo ya je ya ɗauki guntun igiyar, ya warware murɗin da yatsa, ya daɗe yana duban sirarin wurin. Ba baduku ba ne, amma ba makaho ba ne. Ya naɗe ya sa a aljihu, ya kama farin sansa ya yi gida. Ko kashi ɗaya cikin huɗu na gonar ba a yi ba.

Washegari tun da sassafe na ɗauki garmar hannu na tafi gonarsa. Na same shi ya riga ya fara. Ya ɗago ya dube ni, ya mai da kai. Na kama layin da yake kusa da nasa. Hannun baduku ya saba da basilla da wuƙa, bai saba da wannan ba, kafin azahar tafina ya kumbura ya fashe. Ga ciki ba komai sai kunu. In ka sunkuya ka ɗago sai ka ga gona tana juyawa. Haka muka yi kwana uku, daga sannu sai sannu, tawa gonar ciyawa tana cin gero ban ko leƙa ba.

Rana ta uku muna hutawa a gindin ɗorawa, ya miƙo min butar ruwa, na sha, na ce, "Jibo, fatar ba ta cika ba. Mun cinye wuyan."

Ban ambaci Asabe ba, don mun na ce, kuma mun ɗin ne gaskiya. Sai ya tambaye ni ko na san abin da ya sa ya kawo min ita ɗanya, da rana tsaka, a guje. Na ce a'a. Ya ce ranar da aka yanka san, matarsa ta riga ta hura wutar babbaka. Ta ce fatar nan za ta riƙe yara wata guda. Ya hana, ta yi kuka, ta riƙe bakin fatar, sai da ya fizge.

Ya ce, "Na san in ta kwana a gidana za mu cinye ta. Shi ya sa na kawo inda na tabbata ba za a ci ba."

Ban taɓa jin nauyi irin na wannan lokacin ba. 'Ya'yansa biyar, na san yadda wuyansu ya zama a bazarar nan, kullum ina ganinsu suna wucewa ta ƙofar zaurena. Na ce ya yafe min. Ya ce cin fatar bai riƙe ni da shi ba, yunwa ce, kowa ya san ta, kuma ya ji daɗi da yaron ya tashi. Amma ranar da na zo ƙofar gidansa ina tambayar lafiyar farin sa, da na buɗe baki, da ya bi gari ya aro sarƙa ko ta kwana biyu ce. Ya tashi ya karkaɗe wandonsa ya ce rana tana yi, muka koma aiki.

Mun gama abin da za mu iya a kwana goma sha wani abu. Gyaɗar da aka shuka a makare ta yi ganye ta ƙi 'ya'ya, dawar ce ta ɗan fitar da shi. Bai faɗa wa kowa ba, har ya koma ga Allah mutanen gari suna cewa fatar san da yunwa ta kashe ce ba ta da ƙarfi. Zumunci bai yanke ba, ya zo sunan 'ya'yana, na je na nasa, ni na shiga kabarinsa na karɓe shi. Amma daga wannan shekara ko tsinkakken takalmi bai sake kawo min ba. Sai ya hau keke ya kai wa wani baduku a Kangire, ya wuce ta gaban zaurena, ya ɗaga min hannu, in ɗaga masa.

Yanzu ba mai neman ƙiri. 'Ya'yan Jibo igiyar roba suke saya, masu hali su kira tarakta. Fatar sa ma kafin ta huce masu ganda sun zo da mota sun kwashe. Ni dai ina nan a zauren, ina liƙa takalman 'yan makaranta, in ido ya yarda in yi kube ɗaya ko biyu.

Duk shekarun nan ni da Asabe ba mu taɓa ta da maganar ba. Gwaggon ma ta rasu ba ta san alherin da ta yi mana ba. To, shekaranjiya da na ture kwanon nan, sai ta zo ɗauka, ta tsaya a kaina da 'yar sandarta. Ban san abin da ya shiga bakina ba, na ce mata gandar gwaggo, tun ranar farko na san ko ta wace ce.

Ta ce, "Na sani, Malam. Ina kallonka lokacin da ka tsaya da tauna."

Na ce to me ya hana ta tambaye ni? Ta ce in ta tambaya zan ce a'a, kuma da gaskiyata, yara su kwana haka. Ta ce ita ma jira take yi, ko in yi mata faɗa ta daina, ko in faɗa mata wani abu, sai na sa wa gwaggo albarka. Kullum in za ta yanka sai ta yi ta laluben inda ya fi kauri don ta yanki kaɗan ya isa.

Na dafa bango na tashi, na ce ta biyo ni. Muka zagaya bayan ɗaki inda fatar watandar take a kafe. Na durƙusa da kyar, na ja layi da yatsa a kan toka, daga hammata zuwa cinya, wannan gefe da wancan, na haɗa da ƙafafu huɗu. Na ce mata nan ne ciki. Daga nan zuwa nan ba ya ɗaure komai, zubarwa ake yi.

Ta sunkuya ta ɗora tafinta a kai, ta auna gefe ɗaya, ta auna ɗayan, sannan ta kai hannu ta auna wuyan. Ta daɗe a haka.

Ta ce, "Ashe ma ya fi wuyan yawa."